Zufa Ba Ita Ce Ma'auni Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin makaranta a watan Afrilu ya san abin da zan faɗa. A sa samari da 'yan mata su yi ta zagaye fili tare na kamar minti ashirin, sannan a busa usur. Rigunan samarin za ka gan su sharkaf, har ana iya matse ruwa. 'Yan matan kuwa ɗan tsatsafo ne a goshi da karan hanci, sai haki. Koyar da motsa jiki shi ne aikina, na yi a makarantar 'yan mata zalla, na kuma yi a wadda ake haɗa maza da mata, kuma fassara iri biyu nake ji ana yi wa wannan abu. Abokan aikina maza kan ce, "Malama, yaran nan naki wasa suke yi, dubi ko gumi ba su haɗa ba." Iyaye mata kuma in sun zo ziyara sai su ja ni gefe: "Malama, don Allah a riƙa sassauta musu, mace ba ta da jikin rana." Na farko yana ganin yarinyar ba ta wahala ba, ta biyu tana ganin ba za ta iya wahalar ba. Ni ban yarda da ko ɗaya ba, domin su duka da zufa suke awo, ita kuwa zufa wani abu daban take nunawa.

Mutane da yawa sun ɗauka rana ce kaɗai ke dafa mai gudu. Mafi yawan zafin daga cikin jikinsa yake tasowa. Tsoka in tana aiki, kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar ne kawai na ƙarfin da ta ƙona yake zama motsi, sauran duk zafi ne. Shi kuwa jikin ɗan Adam a wajen digiri 37 na ma'aunin Salshiyas yake son zama, bai yarda a gusa da nisa daga nan ba. Da babu hanyar fitar da zafin, mai gudu da ƙarfi zai riƙa ƙara digiri guda duk bayan 'yan mintuna, kafin rabin awa ya kai inda ƙwaƙwalwa ba za ta ɗauka ba. Hanyoyi biyu jiki yake da su. Ko dai ya buɗe ƙananan jijiyoyin da ke ƙarƙashin fata, jini ya kwaso zafi daga ciki ya kawo shi inda iska za ta ɗauka, ko kuma ya fitar da zufa. Ta farkon tana ci ne muddin iskar waje ta fi fata sanyi, fata kuwa ba ta cika wuce digiri 35 ba. To a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda azahar ɗin Afrilu ke haura digiri 40 kusan kullum, iska ba ta karɓar zafi daga jikinka, ƙara maka take yi. Sai a bar zufa ita kaɗai da aiki.

Ita ma zufar ba fitowarta ce ke sanyaya mutum ba, bushewarta ce. Kowa ya san abin da ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi: randa tana tsatsafo, iska tana busar da tsatsafon, bushewar tana tafiya da zafi. Haka fata take. Lita ɗaya ta zufa in ta bushe a jiki, zafin da take ɗaukewa ya kai wanda zai iya ɗaga zafin jikin babban mutum da kusan digiri goma. Amma wadda ta ɗiga a ƙasa, ko ta taru a riga aka matse, ba ta sanyaya kowa ba. Asarar ruwa ce da gishiri kawai. Saboda haka saurayin da rigarsa ke zuba ba lalle ne cikinsa ya fi na yarinyar da ke gefensa sanyi ba.

Gaskiya ne, in aka haɗa gaba ɗaya maza sun fi mata zufa. Mutum yana da ƙananan maɓuɓɓugan zufa miliyan biyu zuwa huɗu a fatarsa. In aka auna fata mai faɗi ɗaya, ta mace ta fi ta namiji yawan waɗannan maɓuɓɓugai, sai dai kowace guda ba ta zubar da ruwa kamar tasa. Ɗan wasa namiji yakan zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa guda. An taɓa auna ɗan tseren Amurka Alberto Salazar a tseren da ya yi a gasar Olamfik ta 1984, aka tarar yana zubar da lita 3.7 a awa. Abin tambaya shi ne dalili. Halittar namijin ce ta fi iya fitar da zafi, ko kuwa zafin da ke cikinsa ne ya fi yawa?

An daɗe ana ba da amsa ta farko. Binciken farko-farko kan aiki cikin zafi an yi shi ne saboda sojoji da masu haƙar zinariya a ramukan Afirka ta Kudu, dukansu maza. Da aka zo gwada mata, sau da yawa sai a ɗauko waɗanda ba su saba da atisaye ba a jera su da mazan da jikinsu ya saba, a ba su aiki iri ɗaya, matan su riga gajiya, a rubuta cewa mace ba ta jure zafi. Irin wannan tunani yana cikin abubuwan da suka sa ba a bar mata sun yi gudun yada-ƙanin-wani a Olamfik ba sai a 1984, a birnin Los Angeles. Ranar ma masu wannan ra'ayi sun sami abin nunawa, domin wata 'yar ƙasar Suwizalan, Gabriela Andersen-Schiess, ta shigo filin tana tangaɗi, jiki ya karkace gefe guda, da ƙyar ta kai layi. Duniya ta yi ta kallon hotonta. Ba a cika tunawa ba cewa mata 36 sun riga ta isowa da ƙafafunsu, ita ma kuma cikin 'yan sa'o'i likitoci suka sallame ta. Shekara 30 kafin nan, wani ɗan Ingila mai suna Jim Peters ya yi ta faɗuwa yana tashi a ƙarshen irin wannan tsere a Vancouver ta ƙasar Kanada, shi bai ma ƙarasa ba. Ban taɓa jin wanda ya ce saboda haka maza su daina gudu ba.

Sai daga baya aka gyara tsarin gwajin. A Jami'ar Ottawa, Daniel Gagnon da Glen Kenny sun riƙa sa maza da mata su tuƙa keken atisaye a cikin wani ɗaki mai auna duk zafin da ke fita daga jikin mutum, suna daidaita aikin yadda kowa zai samar da zafi daidai da na ɗan'uwansa. A ƙaramin aiki da matsakaici, zufar ta zo ɗaya. Sai da aka kai aikin can sama, inda jiki ke buƙatar duk abin da yake da shi, sannan ta matan ta tsaya ta mazan ta ci gaba. A 2017 kuma Sean Notley da abokan aikinsa a Jami'ar Wollongong ta Ostareliya suka gwada maza 36 da mata 24, suka gano cewa girman jiki da siffarsa su ne suka fi bayyana bambancin. Ƙaramin jiki yana da fata mai yawa a kan kowane kilo, don haka ya fi dogara da kawo jini kusa da fata. Babban jiki zafinsa ya fi yawa, fatar da za ta fitar da shi ba ta kai ba, dole ya koma ga zufa. Bayan an cire wannan, abin da ya rage na kasancewar mutum namiji ko mace bai wuce kashi 5 cikin 100 na bambancin ba. Wannan ya dace da abin da nake gani a fili. Ƙananan yara maza 'yan aji ɗaya, sirara, ba su fi 'yan matan zufa ba. Ita kuwa ƙatuwar yarinyar da ke jefa mana ƙwallon ƙarfe, kafin a gama ɗumama jiki ta jiƙe.

Daga nan maganar takan rabu biyu bisa irin zafin da ake ciki, kuma ƙasarmu tana da irin biyun. Zafin Maris da Afrilu a Arewa busasshe ne, iska na saurin shanye zufar da ta fito, har mutum ya ga farin gishiri a rigarsa bai san ya yi gumi ba. A irin wannan yanayi mai zufa da yawa yana da ɗan rinjaye, muddin yana samun ruwan sha. Amma in Mayu ta shigo, hadari ya fara haɗuwa ruwa bai sauka ba, ko in mutum ya gangara Legas ko Fatakwal, iska ta riga ta ƙoshi da danshi, ba ta karɓar ƙari. Nan namiji zai yi ta zuba a banza, ruwan jikinsa na ƙarewa, ita kuwa mace mai ƙaramin jiki da zufa daidai gwargwado ba ta yi asarar da ya yi ba. Rinjayen kowannensu ƙarami ne, kuma sabo da horo suna iya shafe shi.

Danshin iska ne ya karya mata a Doha ta ƙasar Katar a watan Satumba na 2019, a gasar guje-guje ta duniya. Don gudun rana sai da tsakar dare aka fara tseren kilomita 42 na mata, amma zafi yana wajen digiri 32, danshi ya haura kashi 70 cikin 100. Mata 68 suka tashi, 40 suka ƙarasa, Ruth Chepngetich ta Kenya ta zo ta ɗaya. Bayan mako guda maza suka yi nasu, 73 suka tashi 55 suka ƙarasa, aka sake cewa ai ga shi nan. Abin da ba a faɗa ba shi ne daren mazan ya fi sanyi, danshi kuma ya ragu sosai. Abin da ya faru a Doha ne ya sa aka ɗauke irin wannan tsere na Olamfik daga Tokyo aka kai Sapporo a arewacin Japan. Can ma aka tarar da zafi a Agustan 2021, sai lissafin ya juya: mata 15 cikin 88 ne suka kasa ƙarasawa, maza kuwa 30 cikin 106.

Ba ina cewa babu inda mace ke da nata rauni ba. Akwai, amma ba a fata yake ba, a jini yake. Jinin nan guda shi ke kai iska ga tsoka, shi kuma ke kai zafi ga fata, ruwan zufa ma daga gare shi ake ɗiba. Mace jininta bai kai na namiji yawa ba, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikinsa ma bai kai ba, don haka zuciyarta ta fi tasa saurin bugawa a aiki iri ɗaya. Wannan ga mai lafiya ke nan. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. In yarinya ta ce mini tana ganin jiri a zagaye na biyu, nakan sa ta ja fatar idonta ta ƙasa in duba, in tambaye ta abin da ta karya da shi, in tambaye ta ko ta yi zazzaɓi kwanan nan. Sau da yawa amsar tana nan. Ruwan jiki ma haka ne. Namiji wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, mace kashi 50 zuwa 55. In mutum ya rasa ruwan da ya kai kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa, ƙarfinsa yakan fara raguwa. Ga ƙato mai kilo 75 wannan lita ɗaya da rabi ce. Ga yarinya mai kilo 50, lita ɗaya tak, wato ruwan leda biyu.

Ruwan leda biyun ma ba za ta sha ba, kuma dalilin ba na halitta ba ne. Yaro namiji ya sha ruwa ya ƙoshi, in fitsari ya matse shi ya zagaya bayan katanga. Yarinya ta san babu makewayi kusa da fili, ko akwai shi amma ba ya shiguwa, sai ta ƙi shan ruwa tun safe. Matan da ke zuwa gona da masu talla haka suke yi. Ga kuma sutura. Shi yana gudu da singileti da gajeren wando, ita tana da dogon wando da riga da hijabi, kuma hijabin makaranta galibi yadin roba ne wanda iska ba ta ratsa shi. Rufe jiki ba shi ne matsalar ba. Buzaye a rufe suke ruf cikin hamada, amma tufarsu sakakkiya ce, iska na shiga tana fita. Da za a ɗinka wa 'yan mata kayan wasa na auduga mara nauyi, mai faɗi, mai haske, da an rage rabin abin da ake ɗora wa "jikin mace."

Batun al'ada kuma, yawanci a gurguje ake fahimtarsa. Ana ɗauka kwanakin jini ne jiki ya fi zafi. A'a, makonni biyun da ke gabansu ne. Bayan ƙwai ya fita, wani sinadari mai suna furojestaron yana ɗaga zafin jikin mace da kamar digiri 0.3 zuwa 0.5, zufa kuma takan ɗan makara kafin ta fara. Wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa ma suna yin haka. Sai dai da aka gwada mata masu horo a kan keke a Jami'ar Massey ta New Zealand, ba a ga wannan ya rage aikin da suka iya yi ba, danshin iskar ɗakin ne ya rage shi. Abin da nake gaya wa yarana shi ne kowacce ta lura da nata jikin, domin jiki magayi, in ta ji wani mako ya fi mata nauyi ta faɗa ba tare da kunya ba.

Inda abin ya fi damuna ba filin makaranta ba ne. In aka ce motsa jiki cikin zafi sai hankali ya tafi ga 'yan ƙwallo da sojoji. Amma wa ya auna matar da ke surfe da daka da hantsi, ta ɗauko ruwa daga rijiya, ta shiga madafi mai rufin kwano ta tsuguna gaban murhu tana tuƙa tuwon mutum goma sha biyar, da goyo a bayanta? Duk wadda ta taɓa riƙe muciya a tuwon da ya fara kauri ta san aikin ƙarfi ne, kuma ana yin sa ne a wurin da ya fi ko'ina zafi a gidan. Sau da yawa ma da juna biyu ake yi. Mai ciki jininta yakan ƙaru da kusan rabi, wanda ke taimaka mata wajen fitar da zafi, amma jinin da aka tura fata an rage shi ne daga wani wuri, ɗan tayi kuma ba shi da hanyar sanyaya kansa sai ta jikin uwarsa. A ƙasar Gambiya, a yankin Kiang ta Yamma, Ana Bonell da abokan aikinta sun bi mata manoma 92 masu juna biyu har gonakinsu suna auna su, su da abin da ke cikinsu. Sakamakon da suka fitar a 2022 ya nuna cewa duk ƙarin digiri ɗaya na matsin zafi yana zuwa da ƙarin kashi 17 cikin 100 na alamun wahala ga ɗan tayi, wato bugun zuciyarsa ya yi sama ko jinin da ke bi ta cibiya ya ragu. Rayuwar matan nan ba ta da bambanci da ta matan karkararmu. Na taɓa ce wa wata gwaggona ta bar surukarta mai ciki wata bakwai ta riƙa yin daka da sassafe ko bayan la'asar, sai ta ce, "Ke 'yar nan, mu da muka haifi goma a bakin turmi?" Ban yi mata gardama ba. Na dai san cikin goman nan ba duka ne suka rayu ba, kuma bazarar yanzu ba irin ta zamaninta ba ce.

Tsofaffi ma haka. Zufa tana raguwa da shekaru, ƙishirwa ma ba ta saurin sanar da tsoho. A zafin da aka yi a Faransa a 2003 mutum kusan 15,000 suka mutu, mafi yawansu tsofaffi, kuma mata sun fi yawa a cikinsu.

Maza kuma nasu hatsarin daga wani wuri yake zuwa. Bugun zafi mai kisa, wanda ke kama mutum yana tsakiyar aiki, ya fi yawa ga samari majiya ƙarfi. Alƙaluman rundunar sojan Amurka sun sha nuna cewa ya fi kama maza. Dalili ɗaya shi ne tsoka mai yawa zafi mai yawa take samarwa. Ɗaya dalilin kuwa ba a jiki yake ba. Yarinya in ta ji ba daɗi za ta rage gudu ko ta ce, "Malama, zan zauna." Saurayi gara ya faɗi da a ce ya gaza a gaban abokansa, shi kuma koci yana bayansa yana ce masa ai namiji ba ya raki. Na ga yaron da ya fara gudu a karkace yana maganar da ba ta da kai, 'yan'uwansa na yi masa dariya, sun ɗauka wasa yake yi. Akwai kuma ɓarnar da ba ta nuna kanta nan take. A Nikaraguwa da El Salvador ciwon ƙoda ya kashe dubban masu saran rake, yawancinsu maza masu ƙananan shekaru, kuma aiki mai tsanani cikin rana ba tare da isasshen ruwa da hutu ba yana kan gaba cikin abubuwan da masana ke dangantawa da shi. Da aka tsara musu inuwa da ruwa da hutu a kan lokaci, raunin ƙodar ya ragu. Ina tuna wannan duk lokacin da na ga 'yan garuwa da 'yan dako da masu kwaɓa siminti da rana tsaka, waɗanda ake biyansu gwargwadon abin da suka yi, don haka duk mintin hutu a aljihunsu yake fita.

Abin da ke taimakon kowa, mace da namiji, shi ne sabo. In mutum ya yi mako ɗaya zuwa biyu yana aiki cikin zafi kaɗan-kaɗan, ruwan jininsa zai ƙaru, zufa ta riƙa fitowa da wuri, gishirin da ke cikinta ya ragu, bugun zuciya ya sauka. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Brighton ta Ingila a 2015 ya nuna maza sun sami yawancin wannan canji cikin kwana biyar, mata kuwa sai da suka kai goma. Irin wannan ya kamata masu fareti a sansanin 'yan hidimar ƙasa su sani, inda ake kawo yarinya daga Jos ko Kalaba a tsayar da ita a rana a Wamakko tun washegarin isowarta. Haka kuma sabon yana zubewa in an yi makonni ana hutu, shi ya sa makon farko na komawa makaranta nake sassautawa. Kuma har yanzu akwai sauran aiki a gaban masana: wani nazari da ya duba rubuce-rubucen kimiyyar wasanni na 2014 zuwa 2020 ya tarar kashi 31 cikin 100 a kan maza zalla aka yi su, kashi 6 kacal a kan mata zalla.

Azumi in ya faɗo cikin bazara yakan haɗa duk waɗannan wuri guda. A 2024 haka aka yi. Ranar 3 ga Afrilu zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako kuma ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗun farko na watan. Samarin unguwa sun saba buga ƙwallo bayan la'asar don rage lokaci kafin shan ruwa, a daidai sa'ar da jiki ya fi bushewa. Da sun mayar da ita bayan tarawihi da ya fi. Matan gida kuwa ba su da zaɓin lokaci, sa'o'in nan ne suke gaban wuta suna suyar ƙosai da damun kunu. Abin da za a iya yi musu shi ne a fitar da murhu inuwa mai iska, a raba aikin, a kuma tabbata sun sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur, ba shayi da lemon kwalba kaɗai ba. Launin fitsari ya isa shaida. In ya yi duhu kuma ya yi kaɗan, jiki na bin bashin ruwa. Wanda ya yi zufa da yawa kuma yana buƙatar gishiri tare da ruwan: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ɗirkar ruwa zalla fiye da kima shi ma yana da illa, yana tsarma gishirin jini. A tseren Boston na 2002 an tarar da haka a jikin kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka auna, kuma ya fi samun masu tafiya a hankali da suka yi ta sha a kowace tasha.

Gajiyar zafi da bugun zafi ba ɗaya ba ne, kuma ƙwaƙwalwa ce ke raba su. Mai jiri da ciwon kai da tashin zuciya, amma yana gane ka yana amsa magana daidai, a kwantar da shi a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa, a ba shi ruwa. Wanda ya ruɗe, ko yake faɗa ba dalili, ko yake tangaɗi, ko ya suma, a ɗauka zafin cikinsa ya haura digiri 40, ko da jikinsa jiƙe yake da zufa. Wannan ba ya jiran mota, kuma farasitamol ba ya yi masa komai. A fara sanyaya shi a nan inda ya faɗi: a tsoma jikinsa cikin ruwan sanyi in akwai babban baho, in babu a yi ta kwara masa ruwa ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, kada a ɗura masa ruwa a baki in ba ya cikin hayyacinsa, sannan a nufi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi. In aka sauke zafin cikin minti talatin na farko, kusan kowa yana tashi.

A nan ne na ga mace tana cutuwa fiye da namiji, ba don jikinta ba. In yaro ya faɗi, kafin ka ce me an tuɓe masa riga an sheƙa masa bokiti. In yarinya ce, malamai maza sai su ja da baya, a tsaya neman malama, ƙawayenta su kewaye ta suna kuka suna tare iska, wani ya ce aljanu ne a kira mai ruƙiyya, ita kuwa tana kwance cikin hijabin roba mintuna suna wucewa. Shi ya sa ba na fara atisaye sai da babban baho cike da ruwa a gindin bishiya, da zannuwa biyu. Manyan ɗalibai huɗu sun san aikinsu tun farkon zango: biyu su riƙe zane ɗaya su yi labule, biyu su cire mata hijabi da takalmi, su jiƙa ɗaya zanen su lulluɓa mata, su yi ta zuba ruwa suna fifita har mota ta iso.